Ƙauyen da Malam Inuwa Ya Zana

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yayana Habibullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maryam da yara. Yaya ƙafar taka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, shawararka na bi, yau kuma da-na-sani nake yi. Kai ka ce tunda Inna ba ta da zance sai na komawa gida, hanya kuma ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, a zana mata ƙauyenmu ta riƙa gani. Na je Daurawa wajen Malam Inuwa mai zanen allunan shaguna, na kwatanta masa komai. Wallahi mutumin ya iya. Ga kukar bakin rijiya, ga rumbunan marigayi Baba, gero ya fid da kai, hadari ya taso daga gabas. Ni kaina sai da na ji kamar ƙamshin ƙasa.

Ashe shi ba ya zana abu mai rai, tun yana ƙarami malaminsa ya hane shi. Ba mutum, ba akuya, ko kaza ɗaya babu. Ni da rawar kaina ban lura ba, na ɗauko da murnata na rataye mata a ɗaki.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni wa ya yar da guga a bakin rijiya, me ya sa hadari ya haɗu ba a kwashe shanya ba. Na yi bayani har na gaji, ba ta saurare ni ba. Ita a ganinta hoton garin aka ɗauko, kuma haka ya koma, ba kowa. Na je na roƙi Malam Inuwa ya ƙara ko mace ɗaya da tulu, ya ba ni haƙuri. Na so in sauke zanen, ta hana.

Tun ranar ba ta sake tambayar yaushe za a tafi ba. Abinci ma sai da lallashi. Jiya ta kwance ƙullin irin geron da ta gudo da shi don ta shuka in an koma, ta ce in kai inji a niƙa, a dama wa yara kunu. Na karɓa, na kasa kaiwa.

Yaya, tsoro nake ji. Don Allah ka zo, kada ka jira hutun sallah.

Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Hafsah.