Ɓauren da Na Binne da Rai

Zuwa ga ƙanwata Tasadit,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yara? Surukata ke rubutawa, ni ke faɗa. Lafiyata lau, sai sanyin Kanada da ya tare a gwiwata, wannan kuma ba komai.

Kin tuna reshen ɓauren Inna da na ɓoyo a hannun riga? Tunda gobara ta cinye uwarsa, shi kaɗai ya rage mana. Na dasa shi a nan, ya kama. Da sanyi ya ƙarato, maƙwabcina, wani tsoho ɗan Italiya, ya ce in kwantar da shi a rami in rufe, kada sanyi ya kashe shi.

Na ce, "Mu ba ma binne mai rai."

Ya ce, "To, sarkin taurin kai, bar shi tsaye, ka binne gawa."

Na binne shi ina hawaye kamar ranar da muka binne Inna. Ƙanƙara ta danne shi wata da watanni. Jiya na tone. Tasadit, wallahi ga toho! Na zauna cikin laka ina ta tasbihi, har ɗana ya zaci faɗuwa na yi.

Ki sa a haƙa rami inda uwarsa ta tsaya. Reshe na nan tafe gida, ko da ni ban zo ba.

Yayanki,
Arezki