Gwangwanin da Baba Ya Tono

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Tiga lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kwanakin baya, Baba yana Kiru wajen ta'aziyya, masu bincike daga jami'a suka ɗebi ruwan rijiyarmu, suka binne wani ɗan gwangwani a bayan ɗakin Inna. Wai suna auna wata iska mai suna radon da ke fitowa daga ƙasa, ba launi ba wari, amma tana lahanta huhu a hankali.

Kafin in yi wa Baba bayani, ya ga sabuwar ƙasa, ya tono gwangwanin. Ya ce sammu aka binne mana. Ya kai wa Malam, aka yi addu'a, aka ƙona shi.

Yanzu shi murna yake, wai an karya asiri. Ni kuwa da Inna ta yi tari sai in tuna da iskar nan.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji, ya bari masu binciken su sake binne wani. Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Tarin nan dai bai tsaya ba.

Ƙanwarka,
Hadiza