Hannun Baba a Kan Linzami

Litinin, 5 ga Mayu

Yaya ya zo jiya ya yi mini aika-aika ya tafi. Ya sa wata manhaja a kwamfutata, wadda nake zanen gine-gine da ita, wai ta taimaka wa masu bincike ce. Su aiko maka guntun lissafi ta intanet, kwamfutarka ta yi, ta mayar musu. Haka dubban mutane, har a haɗa a gano maganin wata cuta. Aikin sa kai. To madalla. Me ya hana shi sa wa a tasa?

Wai don Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya dawo gidana, ba abin da yake sai kallon bango. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana tsaron injinan tura ruwa. "Ki bar shi ya samu abin dubawa," in ji Yaya, yana ɗaura takalmi. Ya fice, ya bar ni da fanka tana kuka.

Talata, 6 ga Mayu

Na buɗe inda ake ganin aikin firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ɗari bisa ɗari. Layin ya manne a sama kamar an kafa shi da ƙusa. Ko ranar da na zana bene mai hawa biyar ban ga ta wuce sittin ba. Na dafa akwatin, zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Baba ya sa na jawo masa kujera. Tun hantsi yake nan har rana ta raba. Na ce, "Baba, ƙonewa fa za ta yi." Ya kai hannun hagu bayan akwatin inda iska ke fita, ya ɗan jima, ya ce, "Da saura, Auta."

Da saura. Shi ke nan bayanin da na samu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Zane ya maƙale sau biyu. Na biyun da aikin awa ɗaya ya tafi. Injiniyan da nake wa aiki kuma ran sha tara yake son taswirar wata makaranta da nake zanawa, ya faɗa ya nanata.

Na kira Yaya. Wai ai manhajar tana matsawa da kanta in ina aiki. Na ce to me ya sa har yanzu take ɗari? Ya ce haka take. Na ce haka take yaya? Sai ya ce ana kiransa a ɗaya layin. Shi ma bai sani ba, wallahi.

Abin haushin, Baba ya cinye abincinsa tas yau. Ayyuka huɗu ne ke tafiya a jere a allon, kowanne da ranar da ake son a mayar da shi, har ya haddace su. Yana kiran na ukun malalaci.

Asabar, 10 ga Mayu

Na shiga saitin manhajar Baba yana wanka. Gurabe biyu, duka na kaso ne. Ɗaya na firosesa, ɗaya na lokaci. Mene ne bambancin? Oho. Na sa hamsin a na biyun.

Gara jiya. Yanzu fankar sai ta taso wuuu, ta yi shiru, ta sake tasowa. Layin ya koma haƙoran zarto. Ba a minti biyu ban ɗaga kai ba.

Baba yana shigowa ya tsaya da sandarsa a bakin ƙofa. "Wa ya taɓa injin nan?" Na ce ban sani ba. Mu biyu ne kaɗai a gidan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na mayar ɗari. Kaina kamar ya tsage.

Laraba, 14 ga Mayu

Na samo maganinta. Akwai wani ɗan akwati a saitin: a dakatar da aiki duk lokacin da ake amfani da kwamfuta, kada a ci gaba sai an yi minti goma ba a taɓa ta ba. Na danna. Shiru kamar an ɗauke ruwa. Layin ya sauko ƙasa ya kwanta.

Na gama hawa na farko da rabin na biyu. Ya ɗan maƙale sau ɗaya, amma wannan ba komai ba ne, ina jin. Ban gaya wa kowa ba. Kwamfutata ce dai, ko?

Juma'a, 16 ga Mayu

Kwana biyu Baba bai zauna a ɗakin ba. Yana falo. Na ce ko jikin ne, ya ce lafiya lau. Rabin abincin ya dawo.

Ba ni da lokacin rarrashi yanzu, matakalar bene ta ƙi zama daidai.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na fita sayo sabulu da ƙwan fitila. Da na dawo ban same shi a falo ba. Na leƙa ɗakin aiki, yana zaune a kujerata, bai ji shigowata ba. Allon ya yi baƙi, don bayan minti biyar yake mutuwa da kansa. Ya ɗaga hannun dama da ya shanye, wanda mai yi masa gashin jiki a asibiti ta ce ya riƙa tilasta masa aiki, ya ɗora a kan linzamin kwamfutar. Allon ya kawo. Ayyuka huɗu, kowanne an rubuta a gabansa: an dakatar.

Ya janye hannun da sauri, ya riƙe shi da na hagu a cinyarsa. Ya zauna yana jira. Minti biyar, allon ya mutu. Bai kai goman da aikin zai tashi ba. Ya sake miƙa hannu. An dakatar.

Sau nawa ya yi haka a kwana ukun nan, ina banɗaki, ina kicin?

Na ce, "Baba."

Bai juyo ba. Ya ce, "Hannun nan ne, Auta. Da na taɓa sai ya tsaya. Na ce bari in gwada sau ɗaya ko ya daina. Kada in ɓata wa mutane aikinsu."

Na tsaya da leda a hannu kamar wata sakarya. Da kyar na ce ni ce, ni na sa haka, ba hannunsa ba ne, ko ni na taɓa tsayawa take yi. Na ce ran Asabar ɗin da ta wuce ma ni ce.

Na so ya yi faɗa. Sai ya ce, "To ai sai ki faɗa. Injinki ne." Ya lalubi sandarsa ya fita.

Na cire alamar daga ɗan akwatin. Fanka ta taso. Bai dawo ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Ranar miƙa aiki, ni kuma ina shagon mai gyara da akwati a ƙirji. Da safe kwamfutar ta mutu mini gaba ɗaya ina tsakiyar rufin gini.

Matar ta kwance murfin ta yi dariya. Ƙura ta yi tabarma a kan fankar. "Yaushe rabonki da buɗe ta?" Na ce buɗewa ake yi? Ta hure ta, muka yi ta tari.

Na zazzage mata duk abin da ke cina. Ta ce firosesata kai huɗu gare ta, shi ya sa ayyukan suke huɗu. Gurbin farko na nufin kai nawa za a ba manhajar. Na biyun kuwa yi-ka-tsaya ne, shi ya sa fankar ta riƙa haki. Ɗari bisa ɗari kuma ba ciwo ba ne: abin da ban amfani da shi take kwasa, ina buƙata ta sakar mini. Zafi ne abin tsoro, shi ya kashe ta yau. Maƙalewar kuma ma'adanar aiki ce ke cika, don zanena mai ci ne, ga shafukan intanet talatin da na bari a buɗe.

"Talatin da huɗu," ta ce, tana nuna mini da sukundireba.

Sati biyu ina zagin Yaya a zuci. Ba zan gaya masa ba.

Ta sa saba'in da biyar a gurbin farko, kai uku nasu, ɗaya nawa. Ta sa wani ɗan abu a kusurwar allo mai nuna zafi, ta ce in ya haura tamanin da biyar in nemo ta.

Injiniya ya ce gobe ƙarfe tara, kuma kada a kuma. Muryar nan tasa.

A gida na haɗa wayoyi, na je falo na ce, "Baba, an sa mata ma'aunin zafi, ni ban iya karanta shi ba." Ƙarya ce, lamba ce kawai. Ya san ƙarya ce. Ya dai taso.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yaya ya kai Baba gashi tun safe. Injiniya ya dawo da taswirar da gyara bakwai, yana so kafin yamma.

Malalacin nan na uku yana casa'in da bakwai cikin ɗari, kuma sha biyun rana wa'adinsa ke cika. In ya wuce, wani za su ba, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza. Kwanakin da na dakatar ne suka ja masa.

Na san buɗe zanena ba zai rage masa komai ba. Mai gyara ta faɗa, na kuma gane. Kawai dai gyaran ya fi sauƙin dubawa a takarda da fensir, shi ya sa ban buɗe ba.

Sha biyu saura ashirin ya cika ya tafi. Na kira Yaya na ce ya ba Baba.

"Baba, ya tafi."

"Na ukun?"

"Shi."

Ina jin numfashinsa. Ya ce, "Zafi nawa?"

"Sittin da takwas."

Sai da na ajiye wayar na lura ban ko dubi allon ba kafin in ba shi amsa, don tun safe nake gadin lambar.