Takalmin Aron da Zai Raba Azare da Modu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta garinmu, Azare, da 'yan kwamitinsa, da duk mai goyon bayan ƙungiyar a ƙasar Katagum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da harkokin yau da kullum. Yaya ruwa? Allah Ya kai mu kaka lafiya, amin.

Akwai wani ruɗani da ya zauna a zukatan masu kallon ƙwallo a garin nan. Mun ɗauka tara 'yan wasa shi ne haɗa ƙungiya. Da an ji labarin an ɗauko ɗan gaba daga Jos ko mai tsaron gida daga Kano, sai teburan masu shayi su kaure da murna, kowa yana rantsuwa bana kofi namu ne. Babu mai tambaya ko mutanen nan sun taɓa miƙa wa juna ƙwallo, ko sun taɓa gudu a cikin yashin filinmu. Da a teburin mai shayi ruɗanin ya tsaya, da ban ce komai ba. Amma na ga ya shiga har ɗakin taron kwamiti, kuma yana shirin raba mu da wani matashi da na raina da hannuna.

Ni malamin wasanni ne a ɗaya daga makarantun sakandaren garin nan, kuma in ba rashin lafiya ba, wasan ƙungiya a gida ba ya wuce ni. Na yi ta zuwa ofishinka don mu yi maganar nan baki da baki, kullum a ce mini kana Bauchi. Shi ya sa na rubuta a fili. Ka yi haƙuri da abin da zai yi ɗaci a ciki.

Na ɗaya, abin da ya faru bara.

Ana dab da fara kakar wasa aka sauke mana baƙin 'yan wasa, aka kama musu masauki, aka zagaya gari da su a bayan mota ana kiɗa. Ban ce ba su iya ƙwallo ba, sun iya. Amma a kan ciyawa suka saba, cikin sanyin garuruwansu. Filinmu kuwa yashi ne mai cin ƙafa, ƙwallo ba ya gangarawa yadda mutum ya auna, ga rana. Kowa ya gani, kafin hutun rabin lokaci suna ba da sha'awa, ana dawowa sai ka gan su riƙe da ƙugu suna kallon benci. Da kaka ta yi nisa, wasu ƙungiyoyin suka kira su, suka kwashe jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan gida da aka ajiye a benci su suka ƙarasa mana wasannin, su suka hana mu faɗawa rukunin ƙasa. A ranar wasan ƙarshe kai da bakinka ka ce bana da 'ya'yan gida za a gina ƙungiya. Ina wurin, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. A kan wannan magana na tara tsofaffin ɗalibaina tun bazara, muna motsa jiki kullum bayan la'asar, ba wanda ya sa ni.

Na biyu, lokacin da aka sa gwajin 'yan wasa.

An sa shi a tsakiyar noman farko, kuma ana jibi gwaji aka yi sanarwa a rediyo. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Wane uba ne a Itas ko Yana ko Dagauda zai saki ɗansa ya bar gero cikin ciyawa, ya hau mota zuwa Azare don a ga ko ya iya ƙwallo? Na san masu gudu da masu ƙarfin ƙafa a garuruwan nan, na yi alƙalancin wasanninsu na makarantu. Mafi yawansu ba su zo ba, wasu ma sai daga baya suka ji. Waɗanda suka zo kuwa daga gona suka wuce fili, hannu duk kanta, ciki babu komai. Daga nan aka fito aka ce ƙasar Katagum ba ta da 'yan wasa, dole a sake ɗaukowa daga waje. Wannan magana ta yi mini ciwo.

Na uku, maganar takalmi, kuma ita ce gundarin kukana.

'Ya'yanmu da ƙafa tsirara suke koyon ƙwallo. Wanda ya samu hali ya sa takalmin kambas. Takalmin ƙwallo mai haƙora kuwa, da yawansu sai dai su gan shi a ƙafar wani. Duk wanda ya taɓa horar da matasa ya san ranar farko da ɗan wasa ya sa wannan takalmi, sai ka rantse bai taɓa ganin ƙwallo ba. Ba ya jin ƙwallon a ƙafarsa, tafiyarsa tana canzawa, dunduniya tana yin bororo. Sai ya yi makonni yana sa shi, fatar takalmin ta yi laushi, ƙafar ta saba, sannan wasansa na gaskiya yake dawowa. Don haka tun bazara na je wurin ma'ajin ƙungiya na roƙe shi ya ara mana takalman da baƙin bara suka bari, waɗanda ke jibge a sito, yaran su riƙa sa su a wurin motsa jiki suna mayarwa. Ya ce mini, “Malam, takalmi na wanda aka yi wa rajista ne.” Na koma, ya maimaita. Ranar gwaji kuma aka tsaya a ƙofar fili aka ce marar takalmi ba zai shiga ba.

Ka duba mini wannan tsari, Alhaji. Ba a ba ka takalmi sai an yi maka rajista. Ba a yi maka rajista sai ka ci gwaji. Ba ka shiga gwaji sai da takalmi. Ta wace ƙofa ɗan manomi zai shigo?

Na huɗu, abin da aka yi wa Modu.

Modu ɗan baya ne, bana ya gama makarantarmu. Iyayensa mutanen Borno ne da suka daɗe da zama a Azare, mahaifinsa Baba Kyari yana sayar da wake a kasuwa. Tun yana aji ɗaya nake horar da shi, kuma a duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban ga mai karanta wasa kamarsa ba. Kafin ɗan gaba ya yanke shawarar inda zai bi, Modu yana can yana jiransa. Ba ya rafke mutum, ba ya hayaniya, sai dai ka ga ƙwallo a ƙafarsa.

Da aka hana shi shiga, sai abokinsa Yohanna, ɗan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Tafawa Ɓalewa, ya hau keke ya je gida ya ɗauko takalmin yayansa. Yayan nan dogo ne ƙato. Muka cusa tsumma a bakin takalmin, muka naɗe igiyar har ta ƙarƙashin tafin ƙafa, duk da haka yana lilo. Ƙwallon farko da ya zo masa, ya kai ƙafa, takalmin ya riga shi isa, ƙwallo ya wuce ta ƙasa. Na biyu ya juya zai bi mutum, haƙoran suka kafe a yashi, ya zube. 'Yan kallo suka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya ce, “Kai, wa ya ba yaron nan kwale-kwale? A kai shi kogi mana!” Ba a jima ba kocin ƙungiya ya hura usur ya nuna masa waje. Na matsa na roƙe shi ya bar yaron ya cire takalmin ya buga ko na ɗan lokaci ne, ya ga abin da nake gani. Ko kallona bai yi ba ya ce, “Malam, nan ba filin makaranta ba ne.”

Da Modu ya zare takalmin, tsumman ya jiƙe da jini ta wajen yatsu, dunduniyoyinsa biyu sun saɓule. Bai yi kuka ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, “Malam, ka yi haƙuri, na ba ka kunya.” Yaron da aka zalunta shi ke ba ni haƙuri. A gurbinsa kuma na ji an aika Kano a ɗauko wani ɗan baya da ko ku ba ku taɓa ganin wasansa ba, labarinsa kawai kuka ji.

Ga inda maganar ta kai yanzu. Tun da aka ba Yobe jiharta, ƙungiyoyinsu sun tashi haiƙan suna neman matasa. Wani mai horarwa daga Potiskum ya taɓa ganin Modu a wasan makarantu, da kambas ɗinsa mai faci. Da ya ji abin da ya faru, ya hawo babur har ƙofar gidan Baba Kyari, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa tsinke ya auna ƙafar yaron, ya ce zai saya masa takalmi daidai da shi, ya bar shi ya saba kafin ya sa shi a wasa. Na je na roƙi dattijon ya dakata. Ya ce, “Malam, ni ban san ƙwallo ba. Na dai san wanda ya zo ƙofar gidana, na kuma san waɗanda suka yi wa ɗana dariya. Amma don darajarka zan jira har ku yi wasan sada zumuntarku na farko. In ba su neme shi ba, ka sa masa albarka ya tafi.”

Wasan nan ya kusa, kai ka fi ni sani. Modu yana son gida. Tun yana ƙarami yake ɗauko wa ƙungiyar nan ƙwallo in ya faɗa bayan katanga. Amma ni malaminsa ne kafin in zama mai goyon bayanku, kuma ba zan ce masa ya zauna inda ba a so a kalle shi ba. In ranar ta wuce shiru, ni zan riƙe masa jaka zuwa tasha. Wata rana kuma zai shigo filin nan da jesin wani gari, ya hana 'yan gabanku sakat, waɗanda suka kira takalminsa kwale-kwale su riƙa tambaya ɗan ina ne.

Saboda haka ina roƙonka, cikin ladabi:

A buɗe sito a ba matasan da aka kora aron takalma daidai ƙafarsu. Ni zan tsaya musu, in ɗaya ya ɓace a kama ni.

A sake gwajin bayan sun saba, a ranar da manoma za su iya zuwa, a kuma aika sanarwa garuruwa da wuri ta hannun malaman makarantu.

In dole sai an ɗauko wani daga waje, a ɗauko shi a gurbin da muka rasa a gida, ya zo da wuri ya sha yashinmu tare da sauran, su san juna kafin a fara kaka.

A aika mutum ɗaya daga kwamiti ya je ya gaishe da Baba Kyari kafin ranar wasan nan. Wannan ko sisi ba zai ci ba.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ba na so ka yarda da maganata don na faɗa. Ka zo filin makarantarmu bayan la'asar, kowace rana ka ga dama, ka zo da koci da ma'aji. Na roƙi yayan Yohanna ya bar mini takalmin nan, yana cikin ofishina. Ka sa shi, in ɗaure maka igiyar yadda muka ɗaure wa Modu, ka ɗan yi gudu daga bakin layi zuwa tsakiyar fili, in gangaro maka ƙwallo ɗaya ka tare. Babu wanda zai yi dariya, na yi maka alkawari, yarana sun san yadda abin yake. In ka gama, ka zauna a inuwar bishiyar maina ka kalli Modu yana wasa da ƙafar da Allah Ya ba shi. Duk hukuncin da ka yanke bayan nan, na karɓa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya ba ƙungiyarmu nasara a bana da 'ya'yanta a cikin fili. Takalmin yana jiranka, tsumman ma ban cire ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sa'idu, malamin wasanni,
Azare.