Sai Inuwa ta Kai Turmi

Dungass, Lahadi

Zuwa ga Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, labari ya iso mini cewa kin rataye buta a reshen darbejiya, Amira na kuka tana roƙon ruwan alwala kina hana ta. 'Yar ƙanena marigayi Saminu ce, ba zan zuba ido ba. Yarinya 'yar shekara tara Allah ya buɗa mata son ibada, ke kuma ki tare? Ki haɗa mata kayanta, ina tafe ranar kasuwarku.

Na bar ki lafiya,
Muttaƙa

Sassumbrum, Talata

Yaya Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da mutan gida.

Wanda ya kai maka labari bai kai maka hannuwanta ba. Sun tsattsage har jini. Alwala talatin take a wuni, tuwo kuwa ta ce da ƙazanta. Lafiya lau take zuwa lakwal, makarantar boko, ta yi ciwon maƙogwaro, bayan sati biyu muka wayi gari da wata Amirar. Likitan Damagaram ya ce yana zaton garkuwar jikinta ce ta tashi yaƙar ciwon, ta haɗa da ƙwaƙwalwa. Ya ba da magani, ya tura mu wurin Madam Ɗela, mai zama da irin yaran nan. Ita ta koya mana: in tsoro ya ce wa Amira ta sake wankewa, mu jira tare har ya gaji ya kwanta. Da inuwar katanga muke awo, kullum muna ƙara taki ɗaya. Alwalar salla ban taɓa hana ta ba.

Kana zaton daɗi nake ji? Daurewa kawai nake. Ka zo ka ci tuwo, sai dai 'yata ba ta bin ka ko nan da ƙofa.

Ƙanwarka,
Zahara'u

Sassumbrum, Asabar

Yaya,

Salama a taƙaice. Ka auna lokacin da na tafi Magaria karɓo magani, ka zo ka sauke mata buta, har da buɗe mata randa. Sannu da jinƙai! Na tarar randa wayam, ita kuma tana goge hannu da yashi. Aikin wata guda ka zubar a tsakar gida. Mun koma farko, kuma za mu sake hawa. In ƙara za ka kai wa maigari, ka biyo mu tafi tare, in nuna masa hannun.

A gaida Inna.
Zahara'u

Dungass, Laraba

Zahara'u,

Bayan gaisuwa. Jiya na koma kina gona, da niyyar ɗaukar ta a kan babur. Ita da kanta ta miƙo mini buta. Ta ce, “Baba, riƙe mini. Ko na yi kuka kar ka ba ni, sai inuwa ta kai turmi.”

Ta yi kukan. Ni ma na yi. Ban ba ta ba. Daga baya ta ci loma uku a kwanona.

A bar kayanta inda suke. Amma inuwar gidanki, Zahara'u, ba ta da sauri ko kaɗan.

Ki yafe mini,
Muttaƙa