Lamba Tara

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da 'yata Gimbiya da kike riƙe mini saboda makaranta. Mamanta da tagwaye suna gaishe ku.

Tunda kin rantse ba za ki ƙara ɗaukar wayata ba, wai ina magana da ke ina duba farashi, to ga takarda. Direban motar safe zai miƙa miki a kemis ɗinku. Rabona da rubuta wasiƙa ya fi shekara goma, sai ki yi haƙuri da rubutun akawu.

Maganar jitata ta kiɗa ce. Ki sa a fito da ita daga ɗakin ajiya a goge akwatin. Na sami mai saye, wani mai ba da hayar kayan sauti, kuma ya yi mata daraja. Na san za ki taso ni da surutu, don haka bari in yi miki bayani tun yanzu. Kasuwar hannun jari ta faɗi makon nan. Kamfanin simintin da nake bibiya shekara uku ya sauko da kashi goma sha huɗu cikin ɗari, alhali ba abin da ya same shi, mutane ne kawai suka tsorata. Irin wannan lokacin ake saye. Albashina ya riga ya shiga inda yake shiga, ita kuwa jita shekara goma sha biyu tana kwance ba ta kawo ko sisi ba.

Kada ki ce na manta da kiɗan rok. Ban manta da mu huɗu muna kiɗa a garejin Baba ba, maƙwabta suna sallama da ƙorafi, ke kuma kina leƙe ta taga. Amma mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya uku ba ya rataya jita. Duk abin nan don kuɗin jami'ar Gimbiya nake yi.

Kin ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu tana da wasan kusa da na ƙarshe ranar Laraba. Na nemi rabin yini a ofis, zan zo.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna kuma gaida Maman tagwaye da ɗawainiya, musamman ɗawainiyarka.

Takardarka ta zo ina tsakiyar jera magunguna. Na karanta ta sau biyu ina neman inda ka tambayi yadda Gimbiya take, sai na tarar siminti ya cinye wurin. Amma rubutun ya yi kyau, ba laifi. Ka ga amfanin takarda: ba ka ce mini "uhm, uhm, ina jin ki" ko sau ɗaya ba.

Jita tana nan, ba a taɓa ta ba, kuma ba ni zan ɗauke ta in miƙa wa wani baƙo ba. In kana son sayarwa, ka zo da ƙafarka ka ɗauka da hannunka. Ni ban san kan hannun jari ba, ban kuma ce kada ka tara wa 'ya'yanka ba. Abin da na sani shi ne ranar da ka kawo mana ziyara wata huɗu da suka wuce, yarinyar nan ta zauna kusa da kai tana ba ka labari, kai kuma kana goge allon waya da babban yatsa. Har ta gama ta tashi ba ka lura ba. Raina ya ɓaci a ranar, yau nake faɗa maka.

Yanzu ga saƙonta, kuma ta sa na maimaita mata don kada in yi kuskure. Wasan ƙarfe biyu ne, a filin bayan makaranta. Ta ce ka shigo ta ƙaramar ƙofa, ka tsaya bayan ragar da ke wajen tankin ruwa. Ta ce lallai bayan raga. Ni ma na musanya aiki da abokiyata, a can za ka same ni.

Tun shekaranjiya take wanke kayan wasanta, ta shanya, ta sake dubawa. Ta tambaye ni sau uku ko da gaske ka ce za ka zo. Na ce mata ga shi a rubuce, da sa hannun akawu.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ƙanwarka Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na iso gida lafiya, motar ƙarfe huɗu na samu da ƙyar.

To, sai ki janye maganarki. Na zo, na gani da idona. Na ɗan makara, don mota ta tsaya shan mai, na tarar an yi minti ashirin. Ban je bayan raga ba, ki ba Gimbiya haƙuri. Wa ke kallon ƙwallo daga bayan raga? Na tsaya daidai tsakiya ƙarƙashin bishiya, inda ake ganin fili duka, kuma nan ne waya take da sabis. Na duba ban hango ki ba.

Auta, yarinyar nan ta iya ƙwallo. Ina zuwa na nemi lamba tara, ban kuwa ɗauke ido daga kanta ba sai in waya ta yi ƙara. Ta ƙara tsawo, ta ƙara gudu. Ƙwallon da ta ci bayan hutun rabin lokaci, yadda ta yanke mai tsaron baya ta buga da hagu, ni ban ma san tana da hagu ba. Na gaya wa mutumin da ke kusa da ni cewa 'yata ce, ya ba ni hannu. Na ɗauki bidiyo, na tura wa mutanen ofis duka. Har manaja ya ce a gaishe ta.

Golarsu ma ta yi ƙoƙari, wata mai rigar rawaya da 'yan kallo suke kira Kyanwa, ko da yake ta cika fitowa daga raga. An ce ta kama fenareti dab da tashi. Lokacin dillalina na hannun jari ya kira, sai ihu kawai na ji. Siminti ya ƙara sauka da kashi biyu, don haka maganar jita ta zama ta gaggawa.

Ban tsaya an tashi ba saboda mota. Amma tun a tasha na tura wa Gimbiya saƙo, na ce: "Na ga ƙwallon da kika ci, lamba tara ta Baba." Ta buɗe, ba ta amsa ba. Na san murna ce da gajiya. Ki tambaye ta lambar takalminta, zan saya mata irin na 'yan wasan gaba.

Ranar Asabar mai sayen jita zai iya biyowa. Ki taimaka.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Zauna kafin ka karanta.

Lamba tara ba 'yarka ba ce. 'Yar mai gidan burodin bakin titinmu ce, kuma uban yana nan da ransa, yana filin ma. 'Yarka ita ce mai rigar rawaya. Ita ce Kyanwa.

Wata goma sha huɗu ke nan da ta koma raga. Mamanta ta sani, ita ta saya mata safar hannu, kuma ta ce ta gaya maka sau biyu, ka ce "to, madalla". Labarin da take ba ka ranar da ka zo, kana goge allo, labarin ke nan. Lamba tara tun tana aji ɗaya ta bar ta. Sannan na tambayi Maman tagwaye wane gilashi ka fita da shi, ta ce na karatu, wanda kake duba waya da shi. Na nesa yana kan firij. Da wannan gilashin ko ni ce na sa lamba tara sai ka ce 'yarka ce.

Ina bayan raga inda aka ce ka tsaya, da suka canza gefe kuma na bi ta ɗaya ragar. Duk lokacin da ƙwallo ya yi nisa sai ta waiwayo. Na daina ƙirgawa a na takwas. Da ta kama fenaretin, kafin 'yan'uwanta su rufe ta, nan ta fara duba, ta gan ni ni kaɗai da jakata.

A mota muna dawowa saƙonka ya shigo. Ta karanta ta miƙo mini. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Gwaggo, ashe ya zo." Can kuma ta ce, "Kada ki gaya masa ranar wasan ƙarshe." Na ce to, kuma ba zan gaya maka ba. Kada ka kira makaranta, za ta sani.

Maganar jita, ba ta ɗakin ajiya, ban dai faɗa maka ba ne. Tana ƙarƙashin gadon Gimbiya tun bara. Ba ta iya kaɗawa ba, buɗewa kawai take yi ta duba ta rufe. Tsohon faifanku na gareji kuma ta sa an juye mata a waya, shi take sawa a kunne kafin kowane wasa. Ni dai hayaniya nake ji, kamar ana jan buhun kwanoni. Ita ta ce ba waƙar take saurara ba, sautin ƙasan take bi, inda kake kaɗawa.

In har yanzu sayarwa za ka yi, ita za ka tambaya. Ni na cire hannuna.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata jiki ya warware bayan wasa. Na sa wannan a ambulan dabam, Gwaggonki ba za ta buɗe ba, ko da yake ban rantse ba.

Na yi kuskure, kuma ba na gilashi ba ne kawai. Na zo filinku ban san inda 'yata take tsayawa ba. Na ji kunya ƙwarai. Na bi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya na gaya musu yarinyar bidiyon ba tawa ba ce. Sun yi dariya har mai shara, kuma sun yi daidai.

Ina da wani littafi da nake rubuta farashi kullum. Jiya na buɗe shi baya. Zan iya gaya miki farashin da hannun jarin siminti ya tsaya a kai ranar da kika cika shekara sha biyar, amma ban san abin da kika yi a ranar ba. Ina ta cewa don ke nake tarawa, kuma gaskiya ne, ba zan daina ba. Sai dai na ba dillali umarni ya riƙa saye sau ɗaya a wata ba tare da ya kira ni ba, na kuma cire abin duba farashin daga wayata. Yau kwana uku. Hannuna yana ta zuwa aljihu da kansa.

Ban taɓa sa kuɗi a kamfani ba sai na karanta rahotonsa na shekara uku, na yi tambayoyi har a gaji da ni. Ke ban yi miki ko ɗaya ba. Ga su yanzu, in kin ga dama ki amsa. Me ya sa kika koma raga? Wa ya sa miki Kyanwa? Ta wane gefe kika faɗi a fenaretin, kuma ta yaya kika gane? Fitowar da kike yi, koci ne ya ce, ko ra'ayinki ne?

Na sallami mai sayen jita. Irin tawa ana ce mata bes, tsirkiya huɗu gare ta. Mai riƙe da ita a baya yake tsayawa kusa da mai ganga, ba a tafa masa, sai ya yi kuskure kowa ya juyo. Ina jin kin san aikin.

Ban tambaye ki ranar wasa ba. Wannan naki ne.

Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, da Mama, da tagwaye.

Golarmu ce ta karye a hannu, ba wanda ya yarda ya shiga, na shiga, sai na ji daɗin wurin. Koci ce ta sa mini sunan. Hagu na faɗi, don mai bugawar ta kalli dama da yawa. Fitowa ra'ayina ne, koci ma faɗa take yi.

Tsirkiya ɗaya ta jitar ta tsinke, ba ni ba ce, haka na same ta. Ka taho da sabuwa.

Laraba ta sama, ƙarfe biyu. Bayan ragar tankin ruwa. In an dawo hutun rabin lokaci muna canza gefe, sai ka zagayo ɗaya ragar. Gilashin kan firij za ka ɗauko. Wayarka kuma Gwaggo ta ce a jakarta za ta zauna.

Rigar rawaya, lamba ɗaya. In ka ji ana kiran Kyanwa, ni ce.

'Yarka.