Bututun da Baba Ya Bari Tsirara

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Baba yana nan yadda ka bar shi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye baki bai dawo ba, amma yana cin abinci.

Mutanen da ka turo masana'antar sabulunmu sun gama. Daga tukunyar tururi har ɗakin shanya, sun sa wa kowane bututu rigar sanyi, wato rufin da ke hana zafi fita. Gaskiyarka, man da muke ƙonawa ya ragu sosai. Sai dai sabulu ya ƙi bushewa, kana danna shi da yatsa sai ya lotsa. Mai otal ɗin da ke kwashe yawancin kayanmu ya ce idan mako ya ƙare bai ga kaya ba, zai nemi wasu. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Na huce haushina a kan mai gauraya mana haɗin sabulu, bawan Allah, har ya fara kauce mini a hanya.

Ka huta lafiya.
Autarku

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Tun kina ƙarama garaje ne halinki. Rufin bututu ba ya shiga tukunya, balle ya ɓata sabulu. Ki canza soda. Kin manta yadda muke tsokanar Baba cewa rowa ce ta hana shi naɗe bututun nan? Shekara da shekaru yana ɗumama iska a banza. Kada ki taɓa rufin.

Ki gaida gida.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na canza soda, na canza man haɗin, babu abin da ya sauya.

Jiya Baba ya hana kowa sakat a gida, yana ta nuna ƙofa, sai na turo shi a keken marasa lafiya zuwa wurin aiki. Muna shiga ɗakin shanya ya damƙe mayafina, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana yagar rufin bututu da farce. Na ce, "Baba, ka bari, za ka ji ciwo." Ko kallona bai yi ba.

A nan na lura ba na gumi. Ɗakin da tun muna yara ba a shigarsa sai an jiƙe, ga shi da sanyi kamar randa. Zafin da muke cewa yana zuba a banza, shi ke busar da sabulun.

Na ɗauko wuƙa na farke rufin bututun ɗakin gaba ɗaya. Na saɓa maka, kuma ban yi nadama ba. Sabulu ya fara tauri, ko zai kai kafin wa'adin mai otal, Allah ne masani. Kunya ta hana ni haɗa ido da Baba. Ba rowa ba ce, Yaya.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Ki bar sauran a naɗe, na ɗakin shanya ya zauna tsirara. Ina hanya. Kada ki ba Baba haƙuri a madadina, ni na fara kiransa marowaci.

Yayanki